Matakai Shida na Koyar da Insha'i da Google Docs

Ɗalibi yakan ƙi gyara insha'insa ne saboda wahalar sake kwafe shi tun daga farko. A kwamfuta ko waya kuwa, ɗaga sakin layi daga ƙasa zuwa sama ba ya cin minti guda. Ga yadda malami zai ci moriyar wannan sauƙi.

1. Fara da haruffa masu lanƙwasa. Kowa ya ƙara Hausa cikin harsunan Gboard na wayarsa don ya samu ɓ, ɗ da ƙ. Masu kwamfuta su kwafe su a saman shafi, suna ɗauka idan buƙata ta taso. Ɗaliban Nijar su haɗa da ƴ, wadda ake rubutawa 'y a Najeriya.

2. Buɗe wa kowane ɗalibi shafinsa, da sunansa da ajinsa, ka ba shi izinin rubutu. Ka tara shafukan a jaka ɗaya cikin Google Drive.

3. Yi shirin yankewar intanet. A saita shafin yadda zai buɗu ba tare da data ba. Ɗalibi ya yi rubutunsa a gida, idan ya samu sabis aikin zai hau da kansa.

4. Kada ka gyara masa, ka nuna masa. Haskaka wurin da ya yi kuskure ka bar tsokaci a gefe. Idan ya rubuta "shine" ko "ya na", tambaye shi: a ina ake rabawa, a ina ake haɗewa? A zagayen farko ka dubi tsarin tunani da jerin hujjoji kawai, ƙa'idojin rubutu su jira zagaye na biyu.

5. Haɗa ɗalibai bibbiyu. Kowa ya karanta na abokinsa ya bar tsokaci biyu: wurin da ya gamsu, da wurin da ya ɓace.

6. Kafin ba da maki, duba tarihin gyare-gyaren shafin. Nan za ka ga yadda aikin ya girma kwana bayan kwana, da kuma wanda ya liƙo shafi sukutum a dare ɗaya, wanda ya kamata ka zaunar ya yi maka bayanin abin da ya rubuta. Ka ware wa gyara kaso na maki, ka kuma sanar da su tun ranar farko, domin ɗalibi yana ba da ƙarfi ne inda ya san maki yake.