Shamuwa da Balbela a Ƙasar Bagwai: Kamannin Jiki da Bambancin Jinsi

A gonakin da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, akan ga shamuwa da balbela suna kiwo wuri guda, kowacce da dogayen ƙafafu, kowacce tana farautar fara. Wannan ya sa ɗalibai da dama ke ɗaukar su dangi na kusa. Hatta masana sun daɗe suna sanya su a rukuni ɗaya, kafin nazarin ƙwayoyin halitta ya raba su. A yau balbela (Bubulcus ibis) tana tare da zalɓe a rukunin da ya ƙunshi kwasakwasa, ita kuwa shamuwa (Ciconia abdimii) tana wani rukunin dabam tare da borin-tinke.

Irin wannan kuskure ya taɓa shafar tsuntsun filamingo, wanda aka riƙa jingina shi ga dangin shamuwa saboda tsawon ƙafa da wuya, alhali danginsa na kusa wasu tsuntsaye ne masu nutso a ruwa. Tsawon ƙafa shaida ce ta wurin da tsuntsu yake neman abinci, kuma hujja ce mai rauni wajen tantance zuriya.

Mai lura ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya ga bambancin. Idan shamuwa ta tashi, miƙe wuya take yi, ta bi iska mai ɗumi tana shawagi. Balbela lanƙwashe wuya take yi, ta riƙa kaɗa fukafukai.

Bambancin da ya fi shafar manomi shi ne na ƙaura. Shamuwa takan iso arewacin Nijeriya gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan ta nufi gabashi da kudancin Afirka bayan kaka. Shi ya sa isowarta ta zama alamar gyaran gona, kuma ba kasafai ake taɓa ta ba. Balbela ba ta ba da irin wannan labari, domin inda shanu da danshi suke, nan take, ko da rani ne a filayen noman rani. Sai dai tafiyarta ta fi nisa a tarihi: an gan ta a Kudancin Amurka tun 1877, kuma a 1953 ta yi sheƙa a jihar Fulorida ta Amurka.