Yadda Ake Sa 'Yar Mesa Ta Fara Cin Abinci

Gardawa masu wasa da maciji, da ɗaiɗaikun masu sha'awar kiwonsa, kukansu ɗaya ne a kan 'yar mesa: an kawo ta gida, an ajiye mata ɓera, ta kau da kai. Mako biyu, mako uku, ko kallonsa ba ta yi. Haka Turawa ke fama da 'yar'uwarta bowa ta Kudancin Amurka, duk da cewa bowa haihuwa take yi, mesa kuwa ƙwai take sakawa ta kwanta a kansu. Galibi ba abincin ne ke da laifi ba, mazaunin ne.

Kafin komai a tabbata mesa ce. A gonakin Agye da Gazawa, da fadamar gulbin Maraɗi wajen Tibiri da Gidan Rumji, akwai kasa da kububuwa, kuma dafinsu na kisa. Kasa gajera ce mai kauri, fatarta da kaushi, kanta da faɗi. Mesa santsi gare ta, da wani baƙin zane kamar tsinin mashi a saman kai. Wanda bai iya rarrabewa ba, kada ya kai hannu. A kuma tuna dokar farauta da kare namun daji ta Nijar ta 1998: ajiye naman dawa a gida sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Sai a dubi shekarunta. Wadda ta fito daga ƙwai ba ta cin komai sai ta yi saɓar farko, bayan mako ɗaya zuwa biyu, domin da sauran kwanduwa a cikinta. Haka nan duk lokacin da idonta ya yi fari-fari kamar mai yana, jikinta ya dushe, saɓa ce ke tafe. A bar ta har ta zubar da ita.

Babban aikin yana ga akwatin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa ta a babban keji a tsakar gida, yara na leƙe, kaji na kai da komo. Ƙaramar mesa abinci ce ga shaho da tunku, ta kuwa san haka, shi ya sa ba ta buɗe baki a inda ba ta da wurin ɓuya. A samo ƙaramin akwati mai ƙofofin iska da murfi mai kullewa, a kife ƙwarya ko kasko a ciki, a fasa masa 'yar ƙofa daidai jikinta. Matsattsen wuri ta fi so. A ajiye ruwa a kwano mai nauyi, a kai akwatin ɗakin da ba hayaniya, sannan a daina ɗaukarta sam na tsawon mako guda. Wannan shi ne ke yi wa mutane wuya, don wanda ya samu mesa so yake maƙwabta su gani.

Maciji ba shi da ɗumin jikin kansa, kuma ba ya narkar da abinci cikin sanyi. Ana so gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25, ta zaɓi inda za ta kwanta. A yankin Maraɗi daren Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15, to a lokacin sai a naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma a jingina ta da gefe ɗaya daga waje. A watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura 40, akwatin da aka bari ƙarƙashin rufin kwano zai iya kashe ta a yini ɗaya. Iskar hunturu ma tana busar da fata har saɓa ta maƙale, sai a sa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin ƙwaryar.

In mazauni ya daidaita, sai a gwada abinci bayan magariba. Ɗan ɓera ko ɗan tsako, wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikinta ba. Ɓeran da aka kiwata ya fi, domin na rumbu yana iya zama ya ci shinkafar ɓera, ga kuma tsutsar ciki. Mesa na da wasu 'yan ramuka a leɓe masu jin ɗumi, don haka mataccen ɓera mai sanyi ba ya jan hankalinta. A ɗumama shi a ruwan ɗumi, a goge, a riƙe da dogon hantsaki, a ɗan motsa shi gaban bakin ƙwaryar ba tare da an dungure mata hanci ba. In ba ta kai sara ba, a ajiye shi nan, a rufe, a kashe fitila, a duba da safe. Ɓera mai rai kuwa ba a barinsa ya kwana da ita: yana gaigayar maciji har ƙashi.

Ta ƙi? A cire, a dakata kwana 5 zuwa 7. Kawo mata abinci kullum tsoro yake ƙara mata. A karo na gaba a sauya: in ɓera aka ba ta, a ba ta ɗan tsako, ko a goga ɓeran da gashin tsako, ko a ɗan huda kansa don wari ya fito. Ranar da ta haɗiye, kada a taɓa ta kwana biyu, in ba haka ba, sai ta amayar. In ta amayar, sai bayan mako biyu a sake ba ta, ƙarami kuma.

Wasu da sun ga an daɗe sai su kama yi mata ɗura. Ban yarda da gaggawar nan ba, don ɗura na karya haƙori, tana jawo ruɓewar baki. Lafiyayyar 'yar mesa na iya yin wata guda da ɗoriya ba ci. Amma in ƙashin bayanta ya fito, fatarta ta yi lanƙwasa, ko tana kumfa a baki, tana numfashi da baki buɗe, ko kaska ta kama ta, to ciwo ne, a kai ta wurin likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo. Bayan kowace hidima a wanke hannu da sabulu, domin kashin maciji na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi, musamman ga yara.