Kakanka Ya Ji Daidai

 Gwaggo, daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta nake rubuto miki. Kakana yana da garmaho mai aiki da lantarki, da fayafayan Shata da na Ɗanmaraya Jos da ya adana a akwatin ƙarfe. Da muka gama shigar da gero rumbu sai na kakkaɓe garmahon, na jona da ƙaramin janareta don tsoho ya ji daɗi. Waƙa ba ta yi nisa ba ya ce a kashe, wai wannan ba muryar Shata ba ce, kalangun ma kamar makaɗan ba su karya kumallo ba. Yayyena sun ce ruɗin tsufa ne, a zuba masa waƙoƙin a memori a huta. Ni dai raina bai kwanta ba.
Jikansa, Ɗambatta

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka saurari tsohon nan. Shata ya rasu tun 1999, kakanka kuwa ya san muryar tun mai ita yana da rai. In ya ce an ja ta, to an ja ta. Kada ka bari a maƙala masa ruɗewa a kan abin da za a iya aunawa cikin minti uku.

Kowane faifai da gudun da aka yanka shi a kai. Babba yana zagaye 33 da sulusi a minti ɗaya, ƙarami mai waƙa ɗaya a kowace fuska yana yin 45. Fara da duba lambar da ke tsakiyar faifan, ka ga ko maɓallin garmahon yana kanta, don ƙaramin faifai a kan 33 shi ya fi mai da murya ta yi kauri. In sun dace, ka ɗiga farin alli a bakin farantin, ka ajiye tsinke a gefe a matsayin shaida, ka sa faifai da allura a kai, ka buɗe agogon ƙidaya na wayarka. A kan 33 da sulusi, allin zai wuce tsinken sau 100 cif cikin minti 3. A kan 45, sau 135. Kira ƙanenka ya riƙe wayar kai kana ƙirge, kuma ku yi a gaban kaka. In 45 ya koma 42, murya ta sauka yadda duk wanda ya san waƙar zai ji.

Janaretan nan nake zargi. Yawancin tsofaffin garmahon lantarki, motarsu tana bin bugun wutar ne, wanda a Najeriya sau 50 ne a daƙiƙa. Bugun wutar ƙaramin janareta kuwa yana bin gudun injinsa: a jona dutsen guga ko firji, inji ya nisa, faifai ya ja ƙafa. Cire komai ka sake ƙirgawa, ko ka gwada a gidan da ke da sola da inbata mai kyau. Ka leƙa bayan garmahon kuma. In an rubuta 60 Hz kaɗai, wato bugu 60 a daƙiƙa, irin na Amurka ne, kuma a wutarmu 45 zai koma 37 da rabi. Tiransifoma ba ta gyara wannan, sai an canza ɗan ƙarfen da ke kan motar. In wuta ba ta da laifi, ɗaga farantin. Bel ɗin roba ko ƙaramar tayar da ke juya shi sukan saki ko su sandare saboda zafin bazara, giris kuma ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare. Kai wa mai gyaran rediyo, in babu bel a kusa a neme shi a kasuwar Sabon Gari a Kano, a tafi da tsohon bel ɗin don a gwada tsawo. Kada a ɗaura kyauron taya a madadinsa.

Memorin ma a yi masa, ba laifi. Amma a gyara garmahon, nasa ne.

Gwaggo, na gaji garmaho mai wani daga mahaifina. Yana fara waƙa lafiya, kafin ƙarshe sai ya yi sanyi. Ya lalace ne?
'Yarki, Bichi

'Yata, Allah ya jiƙan Baba. Da wuya a ce ya lalace. Irin wannan zagaye 78 yake yi a minti, wato 26 cikin daƙiƙa 20, kuma kusa da farantin akwai ɗan hannu na ƙara gudu da ragewa. Ki yi masa wani ya cika kafin kowace fuska, ki ƙirga da alli, ki daidaita. In har yanzu yana sanyi, tsohon giris ne ya kama sifirin. Kada ki buɗe gidan sifirin da hannunki, yana iya tsalle ya yanke ki. Bar wa mai gyara. Ki riƙa canza allura bayan kowane faifai, kuma kada ki kuskura ki ɗora allurar ƙarfe a kan fayafayan 33 ko 45, sau ɗaya ya isa ta cinye su.