Ciko a Gindin Tsohon Gini: Abin Lura Kafin a Kira Tifa

Da zarar damina ta ɗauke, za ka ga tifofi suna sauke jar ƙasa a ƙofofin gidaje a Kano da Zariya da Maraɗi. Magidanci ya gaji da kwanciyar ruwa a lambunsa, ya ƙudurta zai ɗaga wurin kafin wata damina. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai sau da yawa akwai ɗan ginin da ya riga cikon zuwa, ɗakin ajiya ne ko na girki ko akurkin kaji, kuma da shi ake mantawa. Abin da ya kamata jama'a su gane shi ne, ciko ba ya kashe ruwa, hanya kawai yake sauya masa. Idan lambu ya hau, gindin ginin nan ya zama kwari, can ruwan Agusta zai nufa.

Dubi yadda ake gini. A saman harsashi magina suna zuba kankare ko su shimfiɗa leda mai kauri don ta tare danshi, ita ce birkiloli ke kira di-fi-si. Ƙa'ida ita ce ƙasar waje ta tsaya aƙalla inci 6 a ƙarƙashinta, wato santimita 15, domin feshin ruwan sama idan ya daki ƙasa kusan iyakar tsallensa ke nan. Ranar da ciko ya rufe wannan layi, ranar aka yi wa danshi gada. Bulo yana jan ruwa kamar lagwanin fitila, sai ka ga fenti ya kumbura, filasta tana zuba, farin gishiri ya fito a ƙasan bango, buhun masara da aka jingina ya yi fumfuna. Gara ma ta samu rufaffiyar hanya, ta hau har katakon rufi ba wanda ya ga ramin shigarta. Ginin ƙasa kuwa abin ya fi muni, don tubalin da gindinsa ya jiƙe narkewa yake yi, bangon ya zauna. Shi ya sa magina na dā suke kewaye gindin bango da dakali, su kuma miƙa indararo nesa da shi.

Wani zai ce ai nasa ginin na siminti ne, kuma zai shafe bangon da kwalta kafin a zuba ƙasa. Kwalta tana taimakawa, amma ba ta ɗauke nauyi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗi da zurfi haka, ta kusa tan 2, kuma tura bango take yi ta gefe. Bangon bulo mai inci 6 an yi shi ne don ya ɗauki rufi daga sama, ba don ya tokare tudu ba. Ga lambu kuma ban ruwa ake yi masa har da rani, ke nan bangon ba zai taɓa samun hutun bushewa ba.

To, yaya za a yi? A bar rata tsakanin ciko da bango, wadda mutum zai iya shiga da tsintsiya. A gina ɗan gajeren bango dabam ya riƙe sabuwar ƙasar, a bar masa ƙananan rariyoyi a gindi, a zuba tsakuwa a bayansa. Ratar kuma a daɓe ta, a ba ta gangare zuwa lambatu, kada ta zama kududdufi. Fuskar lambun ita ma ta karkata nesa da ginin. Masu cewa kuɗin ya yi yawa su kwatanta shi da kuɗin tayar da bangon da ya faɗi a tsakiyar damina. Idan kuwa ɗakin ya riga ya nutse har dokin ƙofarsa yana daidai da ƙasa, gara a ɗaga daɓensa da ƙofarsa tare da lambun. Kafin a sauke tifar farko kuma, a leƙa katangar maƙwabci, domin ruwan da ka kora daga lambunka wataƙila a gindinta zai kwanta, kuma da haka ƙararraki da yawa suke isa gaban mai unguwa.