Darasi Daga Balbela: Zaman Tsarki a Tsakiyar Taɓo

Karatu: 1 Tasalonikawa 4:1-8, Yahaya 13:6-10
Ayar haddacewa: Zabura 119:9

Duk wanda ya taɓa ratsa fadama da damina ya san balbela. Yini take yi a gindin shanu, cikin taɓo da kashin dabbobi, tana cafke fara da ƙwarin da kofato ya tayar. Amma da maraice, sa'ad da ta tashi zuwa itacen da take kwana, sai ka gan ta fara fat. Mene ne asirinta?

Mahalicci ya ba ta kayan gyara iri biyu. Tana da wani gashi mai laushi a ƙirji da wasu sassan jiki, wanda bakinsa ke marmashewa ya zama gari kamar hoda. Takan shafa garin a inda ya ɓaci, ya tsotse maiƙo da yauƙi. Farcen yatsarta na tsakiya kuma yana da haƙora kamar matsefi, da shi take taje dattin ya zube. Kullum take wannan aiki, ba ta bari sai ya taru.

Alade kuwa dabam yake. Jikinsa ba ya fitar da zufa sosai, don haka in rana ta yi zafi taɓo yake nema ya sha sanyi. Ko ka wanke shi da sabulu, kana sakinsa can zai koma. Da wannan ne Manzo Bitrus ya kwatanta waɗanda suka san hanyar gaskiya suka juya baya (2 Bitrus 2:22). An wanke fata, amma abin da zuciya ke marmari yana nan.

Darasi na fari ke nan: tsarki daga sabuwar zuciya yake farawa. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma gaskiya ne mutum ba ya iya kankare nasa. Allah ne ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya ba da sabuwa (Ezekiyel 36:26). Zuwa sujada da shiga ƙungiyar mawaƙa suna da kyau, amma ba su sāke halitta. Ka ba Yesu Almasihu ranka da gaske?

Na biyu, an kira mu mu yi zaman tsarki a inda muke. Tasalonika babban birnin ciniki ne a bakin teku, cike da bautar gumaka, inda ba a ɗauki fasikanci a bakin kome ba. Bulus bai ce wa masu bi su yi ƙaura ba. Ya ce nufin Allah shi ne su tsarkaka, kowa ya san yadda zai mallaki jikinsa da mutunci, kada kuma wani ya cuci ɗan'uwansa a wannan al'amari. Ɗan ci-rani da ya bar iyali a Maraɗi ya tafi Kumasi ko Garwa, da ɗalibar da ke kwana a makaranta nesa da iyaye, wannan kira nasu ne. Balbela takan taka taɓo saboda abinci, amma ba ta kwanciya a ciki.

Na uku, gyara na kullum ne. A daren da aka bashe shi, Ubangiji ya faɗa wa Bitrus cewa wanda ya yi wanka, ƙafafunsa kaɗai ke bukatar wanki. An riga an wanke mu da jininsa, amma muna taka ƙurar duniya kowace rana: hoton da ya shigo wayar hannu, saƙon dare daga wadda ba matarka ba, hirar batsa a tasha. Kayan gyaranmu su ne Maganar Allah, addu'a, da furta zunubi tun yana ƙarami. Wani lokaci kuma gudu ne magani, kamar yadda Yusufu ya bar rigarsa a gidan Fotifar (Farawa 39).

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, sakaci a nan yana rushe aure, yana ɓata shaidarmu a gaban maƙwabta. In kuwa ka riga ka faɗi, kada ka zauna a wurin. Wanda ya furta zunubinsa, Allah mai aminci ne ya gafarta masa, ya tsarkake shi sarai (1 Yahaya 1:9). Tashi yau, ka nemi fasto ko wani dattijon ikilisiya amintacce ku yi addu'a tare.

Tambayoyi don tunani:
1. Wane wuri ko wane lokaci ne jaraba ta fi samunka?
2. Mene ne za ka rabu da shi a wannan mako?

Addu'a: Ya Uba mai tsarki, ka ba ni sabuwar zuciya. Ka wanke ƙafafuna kowace rana, ka kiyaye idona da tunanina ta ikon Ruhu Mai Tsarki. A cikin sunan Yesu. Amin.