Darasin Kasuwanci: Littafin Bashi a Cikin Waya, Wa Ke Riƙe da Makulli?

JALINGO — Jarin ɗan kasuwa ba kayan shago kaɗai ba ne. Littafin da yake rubuta masu bashi, da farashin sari, da sunayen dillalansa na Iware ko Mutum Biyu, shi ma dukiya ne. Idan abokin hamayya ya leƙa shi, riba ta ragu. Idan ya ɓace, bashi ya bi ruwa.

A yau wannan littafi yana ƙaura zuwa wayar hannu. Sai dai manhajojin rubutu da dama suna ajiye bayanan ne a kwamfutocin kamfani, kuma makullin yana hannun kamfanin. A shekarar 2013, kutsen da aka yi wa Evernote ya sa kamfanin sauya kalmomin sirri na mutane kimanin miliyan 50.

Maganin wannan shi ne manhajar da ke rikiɗa rubutu zuwa lambobin sirri tun a cikin waya, kafin ya hau intanet, ta yadda ko kamfanin ba zai iya karantawa ba. Idan kuma an bayyana wa jama'a yadda aka ƙera ta, masana suna iya bincikawa su tabbatar babu ƙofar baya. Misalai su ne Standard Notes, wadda kamfanin Proton na Suwizalan ya saya a 2024, da Notesnook, da Joplin. Ita Joplin kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, amma sai mutum ya kunna kullen da kansa.

Akwai kuma batun doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su. Tarar ƙananan masu sana'a tana iya kaiwa Naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na cinikin shekara, duk wanda ya fi yawa.

Amma kowane tsaro da farashinsa. Wanda ya manta kalmar sirrinsa, kamfanin ba shi da ikon buɗe masa. Haka nan idan ya rasu bai bar ta ba, magada ba za su san wa ake bi, wa ke bi ba. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya rubuta ta a takarda, ya damƙa wa amintacce guda. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.