DARASIN YAU: Karnuka da kyanwoyin da ba su da mai su

Darasin yau daga abin da ya same ni ne.

Bara, a dare ɗaya, karnukan unguwa suka tona ƙarƙashin wayar kejina suka kashe mini kaji 37 'yan sati huɗu. Haushi ya sa na sa guba a nama. Karnuka biyu suka mutu, har da kyanwar maƙwabcina da ba ta ji ba ta gani ba. Ba a yi wata guda ba wasu karnukan suka maye gurbinsu.

Da na kai kuka wajen likitan dabbobi, sai ya ce: "Alhaji, ina kake zubar da mushen kaji da hanjin tarwaɗa?" Na ce bayan katanga. Ya ce, "To ai kai kake kiran su."

Ga abin da na koya:

1. Abinci ne ke tara su. Muddin akwai shi, ko ka kashe waɗannan wasu za su zo. Cikin karya da na kyanwa wajen wata biyu ne kacal, kyanwa kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Guba ba za ta cim ma wannan ba.

2. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone shi.

3. A binne gindin waya cikin ƙasa, ko a yi masa daɓen siminti. Tafkin ƙananan kifi a rufe shi da raga.

4. Kyanwa na maganin ɓera, amma kar ta kwana kan buhunan abinci. Kashinta na iya ɗauke da cutar da ke da haɗari ga mai juna biyu.

5. Karen gadi a yi masa rigakafin haukan kare, a kuma yi masa fiɗiya. Masana sun ce in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar, cutar takan daina yaɗuwa.

6. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti nan take. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tashi.

Tun da muka daina zubar da mushe, ni da maƙwabtana, karnukan sun ragu sosai.

Ku fa, ya kuke yi da naku mushen? Allah ya tsare mana dukiyarmu.